Tambari, Take da Hatimi: Nazarin Alamomin Shaidar Basarake a Ƙasar Hausa, da Misali daga Birnin Gwari

1.0 Gabatarwa

Kalmar “tambari” tana ɗauke da ma'ana biyu a bakin Bahaushe. Ta farko ita ce gangar nan ta fada wadda ba a buga wa kowa sai babban sarki. Ta biyu kuwa ita ce alamar da ake dangwalawa a kan takarda ko a zana a jikin tuta, kamar yadda ake cewa tambarin Nijeriya ko tambarin jami'a. Ɗaya da kunne ake jin ta, ɗaya kuwa da ido ake ganin ta, amma aikinsu guda ne, watau su sanar da jama'a ko wane ne mai abin, da kuma matsayinsa.

A wannan zamani ana yawan ganin tambura na zane a jikin kalanda, da katin gayyatar naɗi, da lambar motar masu riƙe da sarauta. Da yawa daga cikinsu an kwaikwayo su ne daga tsarin Turawa, ba tare da an tsaya an tambayi abin da suke nufi ba. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana ma'anar tambarin mutum a wurin Turawa, sa'an nan a nemo abin da yake tsaye a madadinsa a al'adar Hausawa. Daga ƙarshe za a auna abin da aka gano da halin ƙasar Birnin Gwari da dajinta.

2.0 Tambarin Mutum a Wurin Turawa

A ƙarni na 12 ne wannan al'ada ta kafu a ƙasashen Turai ta Yamma, musamman Faransa da Ingila. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne, barde yakan shiga sulke ya rufe kansa da kwalkwali, har ya zama da wuya a gane shi a fagen fama ko a wurin wasan sukuwa da mashi. Saboda haka kowa ya riƙa zana wata alama a fuskar garkuwarsa, ya kuma sa ta a hatiminsa. Zakuna ukun da aka san sarakunan Ingila da su sun bayyana ne a hatimin Sarki Richard na Ɗaya wajen shekarar 1198. Da abin ya yi yawa, sai aka sami ma'aikata masu haddace alamar kowa, su shelanta sunansa idan ya shigo fili. A shekarar 1484 Sarki Richard na Uku ya ba su takardar izinin zama hukuma a birnin Landan, kuma har yau ita ke bayar da tambari ga wanda ya cancanta a Ingila.

Cikakken tambari yana da sassa. Garkuwa ita ce uwa, domin a kanta ake zana ainihin alamar. A bisanta akwai kwalkwali, a kan kwalkwalin kuma akwai wani zane kamar zanko. A ƙasa ana rubuta wata gajeriyar magana da mai abin ya ɗauka a matsayin aƙidarsa. Manyan mutane ƙalilan ne ake yardar wa su sa dabbobi biyu a dama da hagu suna tallafe da garkuwar. Launuka ma suna da ƙa'ida. Rawaya da fari suna wakiltar zinariya da azurfa, kuma ba a ɗora ɗayansu a kan ɗaya, haka nan ba a ɗora ja a kan shuɗi ko baƙi a kan kore. Hikimar wannan ita ce a iya hango alamar daga nesa.

Mai karatu zai ga wannan tsari a tambarin Nijeriya: baƙar garkuwa mai nuna albarkar ƙasar noma, fararen layuka masu nuna kogin Kwara da na Binuwai inda suka haɗu a Lakwaja, fararen dawaki biyu, da jar mikiya a sama. Sai dai wannan tambarin ƙasa ne. Shi tambarin mutum, a dokar Ingila, mallakar mutum ɗaya ne, kuma babban ɗansa ke gadonsa. Sauran 'ya'ya sai sun ƙara wata 'yar alama, ɗa na biyu jinjirin wata, na uku tauraro, don kada mutum biyu su ɗauki abu ɗaya.

Wani abin lura shi ne, ba kowane zane ne yake da wata ma'ana mai zurfi ba. Yawancin fassarorin da ake yi wa launuka, cewa ja jarumtaka ce ko shuɗi riƙon amana ne, marubutan baya ne suka ƙara su. Sau da yawa wasa da suna ne kawai. Alal misali, a shekarar 1596 an ba mahaifin marubucin nan William Shakespeare tambari mai ɗauke da mashi, don kuwa ƙarshen sunan nasu a Turanci yana nufin mashi.

A taƙaice, tambarin Bature yana tattara amsoshin tambayoyi uku a cikin zane guda: wane ne wannan, ɗan wane gida ne, mene ne muƙaminsa.

3.0 Alama a Duniyar Musulmi

Musulmi sun san hatimi tun zamanin Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi), wanda ya riƙi zoben azurfa mai ɗauke da sunansa domin hatimce wasiƙun da ya aika wa sarakuna. Abin da ya fi kusa da tsarin Turawa shi ne na Mamalik, waɗanda suka mulki Masar da Sham daga 1250 zuwa 1517. Sarkinsu Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, an san shi da hoton zaki a kuɗinsa da gine-ginensa. Amma yawancin hakimansu alamar aikin da suka yi a fada suke ɗauka: mai shayar da sarki ya zana kofi, magatakarda ya zana gidan alƙalami. Ke nan a wurinsu alama ta fi bin muƙami a kan jini. Wannan yana da kama da fadar Bahaushe, illa dai shi Bahaushe bai zana kayan aikin ba, sai ya mai da sunansa sarauta, kamar Majasirdi da Lifidi da Garkuwa da Sarkin Baka.

4.0 Yadda Bahaushe Ya Rarraba Alamominsa

Barden Hausa ma yana da garkuwa da sulke da lifidi da kwalkwali, amma bai mai da garkuwarsa allon zanen gado ba. Za a iya kawo dalilai biyu. Na farko, yana tafe da makaɗa da mabusa waɗanda ke sanar da zuwansa tun kafin a hango shi. Na biyu, Musulunci ya ƙyamaci suranta abu mai rai, don haka gwanintar masu zane ta karkata ga rubutu da dagi da sauran zayyana. Tambayoyin nan uku da Bature ya amsa a wuri ɗaya, shi Bahaushe ya raba su gida uku.

4.1 Alamar Muƙami: Kayan Sarauta

Kayan sarauta na gadon sarauta ne, ba na wanda ke zaune a kai ba. Babu inda wannan ya fito fili kamar Katsina. A cikin kayan fadarta akwai takobin nan Gajere, wanda tarihin baka ya ce da shi ne Korau, mutumin 'Yandoto, ya kashe Sanau ya karɓe mulki daga Durɓawa. Akwai kuma wani takobin mai suna Bebe, wanda ake cewa ganima ce daga yaƙe-yaƙen Katsinawa da Gobirawa, da kuma Gwauron Tambari da ake bugawa ranar naɗin sabon sarki. Zuriyar Korau ta rasa birnin a lokacin jihadi, mulki ya koma hannun Ummarun Dallaje da 'ya'yansa, sa'an nan a 1906 ya koma gidan Muhammadu Dikko na Sulluɓawa. Gidaje sun canza, amma Gajere yana nan a fadar Katsina. Da a ce tambarin Bature ne, da ya bi jinin mai shi duk inda ya tafi.

A Kano ma haka abin yake. Tarihin Kano ya danganta kakaki da figini da takalman gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Bayan jihadi, Ibrahim Dabo, wanda ya hau gado a 1819, ya farfaɗo da yawancin sarautu da al'adun tsohuwar fada, ko da yake shi ba jinin Rumfa ba ne. Tagwayen masun da Sarkin Kano yake riƙewa suna cikin wannan rukuni.

Kowane sabon zamani yakan ƙaro tasa alamar a kan ta da. Jihadin da ya fara a 1804 ya kawo tuta, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba almajiransa irin su Malam Musa na Zazzau, da Yakubu na Bauchi, da Buba Yero na Gombe, da Modibbo Adama. Ma'anarta ita ce, ikon mai riƙe da ita daga Shehu ya samo shi. Darajar tuta ta kai ga cewa wadda Turawa suka ƙwace daga rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a 1903 sai da aka mayar da ita Sakkwato a 1960, shekarar samun 'yancin kai. Su kuma Turawa suka kawo sandar girma, wadda suka kasa zuwa daraja-daraja. Ita ma tana faɗin inda iko ya fito, domin a da Gwamnan Turawa ke miƙa ta, yau kuwa gwamnan jiha. Sarki goma, zamani goma. Wanda ya iya karanta kayan fada zai ga zamunan nan a jere kamar shafukan littafi.

4.2 Alamar Asali: Tsaga da Rawani

Abin da ya shafi gida da asali, a fuska Bahaushe ya rubuta shi. Wanzami yakan yi wa jariri tsagar gidansu, ta yadda ko ya ɓata ko an kama shi a yaƙi za a san inda ya fito. Gobirci, mai tsaga shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, ya bambanta da Kabanci da Zamfarci da Katsinanci. Wannan ita ce alamar da ake gado daga uba, kamar dai garkuwar Bature, sai dai duk 'ya'ya iri ɗaya ake yi musu. Al'adar tana gushewa, kuma dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta shekarar 2003 ta hana yi wa yaro zane a fata. A cikin gidan sarauta kuwa naɗin rawani yana yin irin wannan aiki. A Kano, rawani mai kunne biyu shaida ce ta jinin sarauta.

4.3 Alamar Mutum Shi Kansa: Take, Kirari, Laƙabi da Hatimi

A nan ne ake samun ainihin abin da ya yi daidai da tambarin mutum ɗaya. Take gajeren kiɗa ne ko busa da aka keɓe wa mutum, wanda idan ya tashi duk mai kunnen gari ya san da wa ake. Kayan kiɗan kansu suna nuna rukuni: tambari da kakaki da algaita na fada, kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, komo na maharba. A cikin rukunin kuma kowane fitacce yana da takensa. Sanƙira, wanda ke haddace nasabar manya yana shelanta ta a bainar jama'a, aikinsa ɗaya da ma'aikatan nan na Landan tun asalinsu.

Dabbobin da Bature ke zanawa, a kirari Bahaushe yake ajiye su. Ana kiran sarki zaki saboda kwarjini, giwa ko toron giwa saboda girma da nauyi, bajimi saboda ƙarfi, damo saboda haƙuri. A nan ma'anar ba a ɓoye take ba, domin tatsuniya da karin magana sun riga sun koya wa kowane yaro halin kowace dabba. Laƙabi kuwa shi ne ya fi kowace alama daɗewa. Sarkin Kano Aliyu Babba an san shi da Mai Sango, saboda makamin da aka danganta shi da shi. Turawa sun raba shi da gadonsa a 1903, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. Kakaki da figini sun zauna a Kano tare da wanda ya gaje shi, amma Mai Sango bai zama sunan kowa ba sai shi.

Hatimi shi ne alamar mutum da ake iya gani da ido. A wasiƙun sarakunan Daular Sakkwato, waɗanda ake adana da yawa daga cikinsu a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, hatimi yakan zo da rubutun Larabci, ɗauke da sunan mai shi, sau da yawa tare da sunan mahaifinsa da gajeriyar addu'a. Ba hoton dabba, ba na makami. Tunda suna ne a jiki, ba a gadonsa. Sabon sarki sabon hatimi.

5.0 Misali daga Birnin Gwari

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Sunan Gwari, watau mutanen da ke kiran kansu Gbagyi, yana cikin jerin ƙasashe bakwai da labarin Bayajida ya lissafa a gefen Hausa Bakwai. A zamanin Turawa an tafiyar da ita a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta a cikin Lardin Zariya, ba a ƙarƙashin Sarkin Zazzau ba. Hausawa da Gwari da Kamuku da Fulani duk suna zaune a cikinta.

Abin da ya gabata game da laƙabi yana da shaida a nan. Sunan Sarki Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu yana haɗa shi da Jibril Mai Gwari na Ɗaya, wanda babban asibitin garin ke ɗauke da sunansa. “Mai Gwari” yana faɗin ƙasa da gida, “na Biyu” kuma yana bambanta mutum da magabacinsa. Aikin da jinjirin wata ko tauraro ke yi a garkuwar Bature, a nan kalmomi ne suka yi shi.

To, a ɗauka an nemi mai zane ya tsara wa wani basaraken wannan ƙasa tambari. Abu na farko da zai faɗo masa shi ne daji. Dajin Kamuku an keɓe shi tun 1936 a ƙarƙashin hukumar En'e, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. An san shi da giwaye da gwanki da kanki da sauran namun dawa. Giwa a nan za ta yi aiki biyu, domin dabbar ƙasar ce, kuma kirarin sarauta ce. Da wuya a sami alamar da ta fi ta dacewa.

Amma fa ma'anar alama tana hannun masu kallonta. A tunanin Bahaushe daji yana da fuska biyu tun asali. Wurin itace ne da zuma da magani da kiwo da farauta, kuma mazaunin iskoki ne da 'yan fashi, kishiyar gari mai ganuwa. A shekarun baya-bayan nan fuska ta biyu ce ta rinjaya a Birnin Gwari. 'Yan bindiga sun mai da dazuzzukan yankin mafaka, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro, manoma da yawa suka bar gonakinsu. Harin da aka kai ƙauyen Gwaska a watan Mayu na 2018 shi kaɗai ya ci rayuka fiye da 40. A watan Nuwamba na 2024 ne Gwamna Uba Sani ya je garin aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu. Saboda haka hoton kurmi a tambari, wanda a 1999 za a karanta shi da ma'anar arziki, mutumin da aka taɓa tsarewa a cikin dajin ba haka zai karanta shi ba. Haka ma baka da kibiya. Ga maharbi gadon sana'a ne, ga wanda ya binne ɗan'uwansa kuwa makami makami ne.

Wannan ba dalili ba ne na guje wa daji a cikin zane. Barinsa a ciki yana iya zama da'awa cewa dajin na mutanen ƙasar ne, ba na waɗanda suka mamaye shi ba. Sai dai wajibi ne mai zaɓen alamar ya san nauyin abin da ya ɗauka. A nan kuma take ya fi zane sauƙi, domin makaɗi yana iya ƙara kalma ko ya rage gwargwadon halin da gari ke ciki, shi kuwa zane idan an buga shi ya zauna ke nan.

6.0 Kurakuran da Ake Yawan Yi

Idan aka auna sababbin tambura da ma'aunin da ya gabata, kurakurai uku ne suka fi fitowa. Na farko shi ne ɗora kambin Turawa a saman zane. Sarkin Hausa naɗa shi ake yi, shi ya sa ake cewa bikin naɗi, ake kuma cewa rawanin wane gida ya faɗo. Rawani da alkyabba su ne daidai da kambi. Na biyu shi ne cakuɗa abin da yake na gado da abin da yake na mutum, har a rasa sanin ko tambarin zai bi mai shi ne idan ya sauka, ko zai zauna wa na bayansa. Magabata sun warware wannan tun da daɗewa: tambura da takobi na fada ne, take da hatimi na mutum ne. Na uku shi ne ɗaukar alamar da ta fi ƙarfin muƙami, kamar mai unguwa ya zana kakaki ko laima. A da wannan ba ƙaramin laifi ba ne, domin busa kakaki ga wanda bai kai ba daidai yake da da'awar sarauta. Hausawa sun ce tambarin talaka cikinsa, watau kowa da iyakar abin da zai buga.

7.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa Bahaushe bai rasa abin da Bature yake nufi da tambarin mutum ba. Ya dai rarraba shi ne: muƙami a kayan sarauta, asali a tsaga da rawani, mutum shi kansa kuma a take da kirari da laƙabi da hatimi. Ya kuma nuna, ta misalin Birnin Gwari, cewa alama ɗaya tana iya sauya ma'ana a cikin shekaru ashirin kacal.

Akwai aiki a gaban ɗaliban Hausa. Abin da aka zana a garkuwa yana nan a littattafan Landan bayan shekaru ɗari biyar, amma take yana cikin kan makaɗi ne, idan ya mutu bai koya wa kowa ba sun tafi tare. A yankunan da rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka, makaɗa da maroƙa da wanzamai suna cikin waɗanda suka yi ƙaura. Ya kamata a je a ɗauki taken hakimai da dagatai da maharban Birnin Gwari a na'ura, a rubuta kirarinsu, a kuma tambayi ma'anar kowace kalma daga bakin waɗanda suka gaje ta, tun suna da rai.